Ƙafa Biyu a Ƙasa

Ina tsaye a bayan kanta ina ƙirga wa wata mata ƙwayoyin maganin hawan jini wayata ta yi ƙara. Telan da ke haya a shagon ƙasan gidanmu ne. Mutumin nan bai taɓa kirana ba sai in an ɗauke ruwa yana neman wanda zai yi wa ƙorafi, shi ya sa na ƙi ɗagawa har sau biyu. A na uku na ɗaga da faɗa a bakina.

Ya ce, "Auta, ki zo yanzu. Tsani ya zame da Baba."

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na tarar an riga an ɗaure masa hannun hagu, wuyan hannun ne ya karye, ga ƙujewa a goshi. Rumfar shagon tela ce ta tare shi, ba don ita ba da a kan siminti zai sauka daga saman bene. Yana zaune a bakin gado da hularsa a gwiwa, kuma abin da ya fara tambayata shi ne ko wani ya ɗauke masa bokitinsa daga bakin titi.

Shekarar Baba saba'in da huɗu. Talatin da biyar daga ciki ya yi su ne a rataye jikin dogayen gine-gine, igiya a ƙugu, yana goge gilashin ofisoshin mutane. Ƙadangare abokan aikinsa suke ce masa, har yau in wani tsoho ya kira shi haka a hanya sai ka ga kafaɗarsa ta miƙe. Da ya bar aiki ya rage da tagogi biyar na gidansa: biyu a falo, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a kicin, ɗaya a kan matakala. Tsofaffin tagogin ƙarfe ne masu buɗewa waje, duk yadda ka miƙa hannu daga ciki ba za ka kai bayan gilashin ba. Don haka duk Asabar sai ya fito da tsani ya jingina a bango ta gefen titi, ya hau. Mun yi magana har bakinmu ya gaji. Na taɓa ɗauko masa mai gogewa, ya tsaya a ƙasa yana kallon aikin bawan Allah kamar mai kallon ɓarna, mutumin na juya baya ya hau ya sake. Yaya ya taɓa garƙama wa tsanin kwaɗo, Baba ya aro na maƙwabta, wanda ya fi namu lalacewa.

Mu biyu ne a wurin Baba, ni da Yaya, kuma ya ba ni shekara tara. Ya iso asibitin da makullin mota a hannu, ya duba ɗaurin, ya yi magana da likita, sannan ya ja ni waje bakin ƙofa.

"Magana ta ƙare," in ji shi. "Daga nan gidana za mu wuce da shi. Ɗaki na nan a share."

Na san ɗakin. A ƙasa yake, kusa da ɗakin ajiya, tagarsa ɗaya kuma katangar maƙwabci take kallo. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, za ta kula da shi fiye da yadda zan iya, wannan ban yi musu ba. Amma na san mahaifina. Tun rasuwar Mama gidan nan ne ya riƙe shi. Shi ke dafa shayinsa, shi ke share matakala, shi ke zama a tagar falo yana koya wa direbobi yadda ake ajiye mota, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ka ɗauke shi ka ajiye a ɗakin da za a riƙa kawo masa abinci a tire, wata shida ya yi yawa, zai koma wani tsoho da ban sani ba. Tsoron wannan ya fi tsoron tsanin ƙarfi a zuciyata.

Na ce, "Yaya, ba gidan ne ya kayar da shi ba, tsani ne."

"To raba shi da tsanin mana. Shekara nawa muna fama?"

"Zan raba shi. A canja tagogin gaba ɗaya. Akwai waɗanda ake goge bayansu daga cikin ɗaki."

"Ke dai kullum sai kin ja magana."

"A gida na koya."

Ya daɗe yana juya makullin a yatsa. Yaya ba mugu ba ne, mutum ne da in ya tsorata sai ya fara ba da umarni. Daga baya ya ce, "Likita ya ce mako shida za a cire ɗaurin. Ranar zan zo. Ya goge duka biyar a gabana, ciki da baya, ƙafarsa biyu a ƙasa. Ba hawa kujera, ba leƙa kai waje. Ɗaya ta gagara, a ranar zan kwashe kayansa, kuma ba na son jin bakinki."

Na ce na yarda. Na kwaso kayana na tare a falon Baba don jinya, na ɗauka aikin da ke gabana na neman taga ne kawai.

Ashe taga ce mai sauƙin. Da na faɗa wa Baba, sai da ya kurɓi shayinsa sau biyu kafin ya amsa.

"Taga mai shigowa ɗaki? Wannan ai ta malalata ce. Gilashi daga waje ake sanin halinsa, can yake shan rana da ruwa da kashin tsuntsu. Wa ya taɓa yin aikin kirki yana tsaye a kan darduma?"

"Baba, ka ji ni da kyau, sau ɗaya zan faɗa. Ko tagar malalata a gidanka, ko ɗakin nan na gidan Yaya. Babu na uku. Ni ma ba zan sake ɗaukar waya in ji an ce tsani ya zame da kai ba."

Ya juya fuska yana kallon titi, ni kuma na shige kicin na yi kukana a gaban murhu, don ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Washegari da safe na fito na same shi a shirye, ya sa riga mai kyau, bokitinsa a ƙafa. A ciki akwai tsumma biyu, da robar gogewa mai mariƙin tagulla wadda ta girme ni, da guntun sabulu.

Na ce, "Baba, shago za mu je fa, ba aiki ba."

"Na sani. Ɗauko bokitin."

Shagon farko babba ne, an jera tagogi a tsaye kowace a cikin firam ɗinta, sanyi na busawa ta ko'ina. Mai sayarwa ya taso da murmushi da takalmi mai sheƙi, ya kai mu gaban tagogi masu turawa gefe, ya ce su ake yayi, kuma gogewarsu wasa ce. Baba ya zaro guntun sabulunsa, ya zagaya bayan tagar, ya yi ɗan zane a kowace kusurwa huɗu, ya yi na biyar a tsakiya. Ya dawo ya miƙa wa mutumin tsumma.

"Nan ɗaki ne, can titi. Goge mini su daga nan."

Mutumin ya yi dariya ya karɓa. Ya tura gilashin hagu, ya zura hannu, ya goge biyu. Ya tura dama, ya lanƙwasa hannu har rigarsa ta zazzago daga wando, ya samu ɗaya da ƙyar. Inda gilashin biyu suka hau kan juna kuwa, duk inda ya tura, zanen sai ya ɓuya a bayan ɗan'uwansa.

"Ai ana cire ta gaba ɗaya ne, Baba. Sai ka ɗaga ta ka sauke."

"Cire mu gani."

Mutumin ya rungume ta da hannu biyu, ya yi nishi, ta fito ta kusa sauka a kan takalmin nan mai sheƙi. Baba ya ɗaga masa hannunsa mai ɗauri kawai, ya ce mini in ɗauki bokiti. Sai da muka fito titi na saki dariyar da nake riƙewa, shi ma gefen bakinsa ya motsa.

A shago na biyu ni ce na ɓata wasan. Suna da wata taga mai juyawa a tsakiya, ka tura ƙasanta sai ta wuntsila, bayanta ya dawo gabanka. Baba ya ƙaunace ta nan take, ya juya ta ya fi sau biyar kamar yaro da sabon keke. Zanensa biyar duk ya goge su. Amma ni ba gilashin nake kallo ba, shi nake kallo. Duk lokacin da za ta wuntsila sai ya tura ta can waje, ya bi ta da jiki don ya kamo ɗaya gefen, cikinsa a kan dakalin tagar, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa.

Na ce, "Ba ita ba."

"Ita ce."

"Ƙafarka ta ɗaga, Baba. Na gani, Yaya ma zai gani."

"Ɗan ɗagawa kaɗan! Ni da na yi aiki a hawa na goma sha takwas?"

"Da igiya a ƙugunka. Yau ina igiyar?"

Muka yi ta yi a gaban mutane, har mai shagon ya koma bayan teburinsa ya yi kamar yana neman biro. A mota Baba ya ce ni da Yaya halinmu ɗaya, bambancin kawai ni na fi surutu. Kwana biyu ba ya yi mini magana sai ta dole. Ban sauko ba. Mako biyu suka wuce, shago huɗu muka shiga, guntun sabulun ya kusa ƙarewa, ni kuma duk safiya sai na ƙirga kwanakin da suka rage kafin in buɗe ido sosai.

Tela ne ya ba mu labarin wata mata da ke ƙera tagogin alminiyam a bayan layin masu katako. Wurin nata ba shago ba ne, rumfar aiki ce, zarto na kuka, ƙasa cike da ɓarɓashin ƙarfe. Kowa Injiniya yake ce mata. Gajeriya ce, da fensir soke a gefen ɗankwalinta, kuma ba ta da lokacin murmushi. Da Baba ya zagaya bayan tagar da ke kafe a bango ya fara zanensa, ba ta yi dariya ba. Ta tsaya ta kalla har ya gama.

"Baba, aikin gilashi ka yi?"

"Shekara talatin da biyar."

"Na gani. Wanne ne hannun ƙarfin, ko da an cire ɗaurin?"

"Dama."

Ita ce ta farko da ta yi wannan tambayar. Ta nuna masa mariƙin tagar: in yana kallon ƙasa, taga a kulle take. Ka juya shi gefe, ta buɗe cikin ɗaki kamar ƙofa, bayanta duka ya zo gabanka. Ka juya shi sama, kanta kawai ke kishingiɗowa don iska ta shiga. Ta ce mariƙin za ta sauko da shi ƙasa yadda ba sai ya yi miƙa ba, kuma kowace taga za ta sa ta buɗe ta ɓangaren da hannun damansa zai fi jin daɗi.

Baba ya juya mariƙin da yatsu uku. Tagar ta taho a hankali. Ya jiƙa tsumma, ya bi da roba, zane biyar suka tafi yana tsaye cak, ni ina durƙushe kamar mahaukaciya ina kallon diddigensa. Ya rufe, ya zagaya ya sake zanawa, ya sake gogewa. Sai da ya yi sau uku. Dole dai ya samo aibi.

"Ruwa na ɗiga a ɗaki."

"Yana ɗiga," in ji Injiniya. "Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa."

Ya dube ta, ya dubi tagar. Ya ce, "Babu laifi." A bakin Baba, wannan ita ce lambar yabo mafi girma, ni ban taɓa samun ta ba ko ranar da na gama makaranta.

Nan kuma aka zo maganar awo. Injiniya ta ce gobe za ta zo gidan ta auna. Baba ya ce ta ɗauko fensirinta. A tsaye a wurin ya karanto mata tsawo da faɗin tagogin nan biyar daga kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ƙa'idarta ce ita ke auna aikinta. Ya ce tagogin da ya shekara arba'in yana shafawa ba wanda zai zo ya faɗa masa girmansu, ya sunkuya zai ɗauki bokiti. Na ja ta gefe na roƙe ta, na ce wannan kaɗai ya rage masa, ta bar masa. Na yi alkawari zan riƙe masa tef mu sake aunawa a gida.

Ta ce, "To. Amma ku duba ɗakin ma, ba tagar kaɗai ba."

Na ce to, to. Murna ta cika mini kunne, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. A gida muka auna, kowace lamba ta fito daidai da wadda ya faɗa, babu ko rabin yatsa. Ranar Baba har ƙarin abinci ya yi.

Saura kwana uku a cire ɗaurin aka kawo tagogin. Injiniya da ma'aikatanta suka ɓalle tsofaffin, ƙura ta cika gidan, tela ya hau sau biyu yana cewa tana sauka a kan yadin mutane. Sababbin suka zauna a gurbinsu daram. Baba yana bin su ɗaki-ɗaki, hannu ɗaya a baya, yana cewa, "Wa ya auna?" Ta matakala ta buɗe. Ta ɗakin kwana ta buɗe. Na falo sai da muka ɗan matsar da kujera, suka buɗe. Muka shiga kicin, Baba ya miƙa hannu ta saman wurin wanke-wanke ya juya mariƙi, tagar ta taho kamar tafin hannu ɗaya, sai ƙwas.

Famfo ne. Dogon famfo mai lanƙwasasshen wuya da ke tsaye a tsakiyar wurin wanke-wanke, daidai gaban gilashin. Tsohuwar tagar waje take buɗewa, ba su taɓa haɗuwa ba. Baba ya rufe ya sake buɗewa, kamar famfon zai ji kunya ya matsa. Ƙwas.

Mutumin da ya san kowace tagar nan kamar tafin hannunsa, daga waje ya san ta. Shekara da shekaru yana kallon taga ta ɓangaren titi, bai taɓa tambayar kansa abin da ke tsaye a gabanta cikin ɗaki ba. Ni kuma da na riƙe tef ɗin, cikina a jingine da famfon nan na riƙe shi. Injiniya ba ta ce ai na faɗa muku ba, kuma na gode mata da wannan har yau. Ta ce za ta iya sake ƙera ta yadda za ta buɗe ta saman famfon, amma sai kwana goma.

Bayan sun tafi Baba ya zauna a kujerar kicin. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗaya ce ai. Wannan ɗayar sai in riƙa yin ta ta waje, wata-wata. Ba sai yayanki ya sani ba."

Raina ya ɓaci.

"Wallahi Baba in ka sake faɗin haka, ni da kaina zan kira shi ya zo da mota. Mako shida ina yawo da bokiti a gari don me? Don ka faɗo daga tagar kicin maimakon ta falo?"

"To ya za ki yi? Ki tsige famfon?"

Na dubi famfon. Na ce, "E."

Mai gyaran famfon unguwarmu ya ce aiki ya yi masa yawa, sai mako mai zuwa. Na ce to. Na zauna a bencin shagonsa da farar rigar aikina, na kira wurin aiki na ce zan makara. Duk wanda ya shigo nemansa sai in gaishe shi da ladabi in ce masa akwai aikin wani tsoho a gaba. Mutum na uku na fita mai gyaran ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Baiwar Allah, ke ba ki da wurin zuwa ne?"

"Ina da shi. Tare za mu je."

Ya ɗauki jakarsa yana gunaguni. Sai da ya fasa tayil biyu, ya ja bututu zuwa kusurwar dama, ya sa gajeren famfo mai kwanciya gefe. Baba yana tsaye a kansa yana ba shi shawarar da bai nema ba. Da yamma aka gwada, tagar ta wuce famfon da tazarar yatsa ɗaya, ta buɗe har bango. Na zauna a ƙasan kicin cikin ɓaraguzan tayil.

Ranar da aka yanke, da safe aka cire ɗaurin. Hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari-fari. Yaya ya iso bayan la'asar. Ta taga na hango shi yana ajiye mota, na ga ya kwantar da kujerun baya, ga kwalaye a ninke. Ban faɗa wa Baba ba.

Shi kuwa ya fito cikin tsohuwar rigar aikinsa mai haɗe da wando, wadda ta yi masa yawa yanzu. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasan tagar matakala, ya dubi Yaya.

"Babba, ka shirya? Kada ka ce ba ka gani ba."

"Bismillah, Baba."

Ban taɓa tsayawa na kalli aikinsa a kusa ba, kullum daga ƙasa nake hango shi ina addu'a. Yana jiƙa gilashin, sai ya ɗora robar a kusurwar sama, ya ja ta gefe, ya karya wuyan hannu ya dawo, ya sake karyawa, tana saukowa kamar maciji, bai ɗaga ta ko sau ɗaya ba har ƙasa. Ya share bakinta da tsumman da ke kafaɗarsa. Ya rufe taga, ya juya mariƙi, ya wuce. Yaya bai kalli gilashi ba sam, ƙafafun Baba yake kallo. Matakala, ɗakin kwana, kicin. A kicin ya ga sabon famfo da tayil biyu da ba su yi kala da sauran ba, ya dube ni, na dubi silin. Ƙafafun nan biyu ba su bar ƙasa ba.

Ta ƙarshe ita ce babbar tagar falo, rana ta sauko tana dukanta kai tsaye. Baba ya gama, ya rufe, ya ja da baya taku biyu, ya karkata kai.

"Tas," in ji shi. "Ko ɗigo babu."

Akwai. A gefen hagu, daga sama har kusan tsakiya, wani shafi na kumfa da ƙura mai faɗin tafin hannu ya bushe a bayan gilashin, robar ba ta bi ta kansa ba ko kaɗan. Rana ta haska shi ƙuru-ƙuru, yaro ma zai gani daga ƙofa. Na juya na dubi ɗaya tagar falon. Nan ma akwai, a hagu. Mako shida ina kwana a gidan nan ina lura da ƙafarsa da hannunsa, ni mai ba mutane magani, ban lura idonsa na hagu ya tafi ba.

Yaya ma ya gani. Na ga lokacin da ya gani. Sharaɗinsa a goge duka biyar ne, kuma ga shaida a gabansa, ga kwalaye a mota.

"Yaya dai, Babba?" in ji Baba, yana share robarsa. "Na ci ko na faɗi?"

Yaya ya matsa gaban tagar, ya tsaya ya ba mu baya.

"Tas, Baba. Ka zauna a gidanka."

Baba ya ce, "Da ma." Ya ɗauki bokitinsa ya nufi kicin zubar da ruwa, har da ɗan fito. Yana ɓacewa Yaya ya juya mariƙin, ya zaro hankici daga aljihu, ya goge shafin nan da sauri, ya yi wa ɗayar ma, ya rufe su kafin a kashe famfo.

Na raka shi. A tsakiyar matakala ya tsaya.

"Kin gani?"

"Na gani. Na hagu ne." Na dube shi. "Na ɗauka za ka ce a kwashe kaya."

"Da na yi niyya." Ya murza fuskarsa da hannu. "A gidan nan ya san kowane mataki, ya san inda kofinsa yake ko an rufe masa ido. A gidana da komai zai riƙa cin karo, a gaban jikokinsa. Ba zan yi masa haka ba. Litinin zan kai shi wurin likitan ido. Amma ke za ki faɗa masa, Auta. Ni ba zan iya ba."

"Zan faɗa masa."

"Zai yi faɗa."

"Ya yi."

Na tsaya a wurin har na ji tashin motarsa, sannan na share fuskata da gefen mayafi na hau. Baba na kicin yana ɗauraye tsummokinsa, yana matse su da hannu ɗaya. Na jawo kujera na ajiye a bayansa.

Na ce, "Baba, zauna. Akwai sauran magana."